Farfelar Hagu

A cikin bas mai lamba 192 suka haɗu, a kan Stockport Road ta Manchester, wata Asabar ta shekarar 2013. Gidaɗo ya shigo da wani dogon katako naɗe a bargo. Ya juya zai nuna wa direba tikiti, sai katakon ya share ledar tumatir daga cinyar wata budurwa.

"Sorry," ya ce. Sannan ƙasa-ƙasa, "Na shiga uku."

"Ba ka shiga ba tukuna," in ji budurwar da Hausa. "Tsince min tumatir."

Ya durƙusa yana bin su a ƙarƙashin kujeru. Kafin su kai Longsight ya san sunanta Saudatu. Ita kuma ta san katakon karyayyiyar farfela ce, daga Birmingham ya ɗauko ta ya nuna wa wani tsohon Bature mai sayar da kayan jirage a Stockport.

"Jirgin sama gare ka?"

"Na ruwa. Amma iska ke tura shi. Ƙasansa a shafe yake, injin mota a baya, farfela a cikin keji. Ko ruwa bai kai gwiwa ba zai wuce."

"Wato kwale-kwale mai fanka."

Bai ji daɗin sunan ba, amma ya karɓi lambarta.

Ɗan Numan ne, yana PhD a jami'ar Birmingham. Tun yana yaro yake ganin kwale-kwale na kafewa a yashin Binuwai da rani, shi ya sa da ya ga wannan mataccen jirgi a intanet ya jawo shi bayan gidansu a unguwar Selly Oak. Abokan zamansa suna shanya wanki a kan jirgin.

Saudatu a laburare take aiki. Council, wato hukumar gari, ta rage kwanakin buɗewa zuwa uku, saboda haka tana da lokacin karanta saƙonninsa.

"Saude, yau wuni na yi da ita. Ta yi kyau sosai, sai dai gindinta yana yoyo."

Ta yi awa biyu tana kallon wayar.

"Wace ce? Allah ya ba ta lafiya, ka kai ta wurin likita."

"Jarkar man jirgin nake nufi, hasken Longsight."

"Injiniyana, ka dinga fara ambaton suna kafin ka yabi abu."

Matsalar ita ce Malam Falalu, mahaifinta. Shekara sha huɗu yana tuƙa motar council mai kai tsofaffi wurin wuni, rana ɗaya aka soke aikin da wasiƙa mai layi huɗu. Ya koma tasi. Tun daga nan ba ya son kowa ya gyara masa magana, ko da na'urar nuna hanya ce.

"Mutum an turo shi karatu, ya koma ƙera fanka a bayan gida," ya ce. "Ga Maharazu nan, mai kemis, ɗan garinmu. Motarsa tana tafiya."

"Baba, jirgin ma zai tafi."

"To zan gani da idona. In ya tafi, ya turo manyansa. In bai tafi ba, kada ya sake taka min ƙofa."

Hajiya Raki, mahaifiyarta, ta kawo dabara. Tunda Stockport ga ta nan kusa, Malam ya karɓo sabuwar farfelar da tasinsa, ko ya ji da hannunsa a cikin abin. Saudatu ta rubuta masa bayanin a takarda. Ya sa a aljihu, bai buɗe ba.

A shagon, Baturen ya nuna masa guda biyu.

"Left-hand or right-hand?"

Malam Falalu ya dube shi sama da ƙasa. Shi da ko biro ba ya karɓa da hagu, za a ba shi kayan hagu ya kai wa mai neman 'yarsa?

"Right."

"Your lad said left."

"He is a boy," in ji Malam.

Ranar gwaji suka hallara a tafkin wani manomi a tsakanin biranen biyu. Malam ya zo da iyalinsa, da abokansa biyu na masallaci, da Maharazu cikin farar shadda.

"Baturen nan ya so ya cusa min ta hagu," Malam ya gaya wa abokansa yana sauke farfelar. "Na ce a kai kasuwa. Ni da kaina na zaɓo ta dama."

"Ai shi ya sa ake tafiya da babba," in ji ɗaya.

Gidaɗo ya kwance bargon. Kallo ɗaya ya yi wa murɗin fukafukan ya tsaya cak. Taku uku ne tsakaninsa da Saudatu, amma a gaban mahaifinta sai waya.

"Injiniyana, lafiya? Fuskarka ta canza."

"Ta dama ce. Injina hagu yake juyawa. Baya za ta ja ni."

"To gaya masa."

"A gaban mutane? Yanzu fa ya gama ba da labari."

"Za ka rasa ni."

"Na sani, Saude."

Ya ɗaura farfelar, ya ɗaure kowane noti kamar abin arziki. Ya roƙi kowa ya ja gefe. Ya tura jirgin da gora zuwa tsakiya, ya juya bayan jirgin ya fuskanci ciyawar bakin tafki, inda ba dutse ba mutum. Ya yi bismilla ya tayar.

Iskar da ya kamata ta tafi baya ta daki ƙeyarsa. Hularsa ta yi gaba ita kaɗai. Jirgin ya yi baya a hankali, cikin natsuwa, Gidaɗo zaune a miƙe yana kallon surukan da yake ƙara nisa da su, har ciyawa ta haɗiye shi. Agwagi suka tashi.

"Ma sha Allah," in ji Maharazu. "Ribas ɗin dai ba laifi. Da haka za ka kai ta Birmingham?"

Ya fito a jiƙe har ƙugu.

"Me ya faru?" in ji Malam.

"Kuskurena ne, Baba. Lissafina ne bai yi daidai ba."

"Ka ji abin da na ce tun farko."

"Na ji, Baba."

Kwana huɗu Saudatu ba ta amsa saƙo ba. A na biyar ta rubuta: "Ka zaɓi kunya ka bar ni. Sai ka aure ta." Ta so ta gaya wa mahaifinta gaskiya, Hajiya Raki ta hana. Ta ce in daga bakin 'ya ya ji, zai ƙara kafewa ne. Ta dai ce da shi, a wurin cin abinci, "Malam, anya Baturen nan ba jabu ya ba ka ba?"

Washegari Malam Falalu ya dira a Stockport da farfelar, a shirye da faɗa. Baturen ya bar shi ya gama. Sannan ya ɗauko fensir ya zana masa: hagu da daman nan ba hannun mutum ba ne, ɓangaren da inji ke juyawa ne. Ya ƙara da cewa duk wanda ya iya gyara irin wannan jirgi, yana kwance bargon zai gane.

"Ya sani, kuma ya ɗaura?"

Baturen ya ce ya tabbata.

Malam ya daɗe a zaune cikin tasi bai tayar ba. Ya laluba aljihu ya buɗe takardar Saudatu. An ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar hagu.

Bai biya gida ba. Da la'asar Gidaɗo ya buɗe ƙofa a Selly Oak ya ga tasin Manchester da farfela ta hagu a kan rufi. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baturen nan ne ya rikice," in ji Malam.

"Haka ne, Baba."

"Ba haka ba ne. Tashi ka sauke."

Asabar uku suka yi a tafkin suna saiti. Fukafukan ana iya karkatar da su. A digiri sha biyu injin ya yi ta kururuwa, jirgin yana rarrafe. A sha bakwai injin ya shaƙe kamar an ɗora masa buhu. Saudatu, wadda ta huce rabi, tana karanta agogon juyin inji tana rubutawa. Malam yana riƙe da sifana, yana ba da shawarar da Gidaɗo ke godiya a kanta ba ya bi.

A sha huɗu jirgin ya ɗaga hanci, ya kwanta a kan ruwa ya miƙe. Malam ne fasinja, da abin toshe kunne a kan hularsa. Suna tsakiyar tafki ya juyo ya yi magana.

"Na'am, Baba?"

Ya maimaita. Gidaɗo ya nuna kunnensa. Malam ya cika ƙirji da iska, daidai lokacin da Gidaɗo ya kashe inji don ya ji.

"Na ce ka turo manyanka!"

Har manomin da ke can cikin gonarsa ya ɗago kai. A bakin tafki Saudatu ta rufe fuska da littafinta. Hajiya Raki ta ce, "Mun ji, Malam."

An ɗaura auren a Longsight bayan sallar Juma'a. Kawun Gidaɗo ya wakilta wani malami ta waya daga Numan. Maharazu ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu, ya yi fatan alheri da zuciya ɗaya.

Da za a tafi da amarya Birmingham, Malam Falalu ya ja ango gefen mota, ya riƙe hannunsa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ga ta nan, amana."

"Amin, Baba. In sha Allah."

"Kuma nan gaba, in ka ga na yi kuskure, ka gaya min."

"To, Baba."

Malam ya waiga ya dubi abokansa na masallaci, ya rage murya.

"A keɓe."