Allurar Mai Tana Hawa

Bayan magariba, mai wayarin mota yana haɗa allurar da ke nuna yawan mai da tankin wata tsohuwar mota da aka tsamo daga kogi, sai ga wani dattijo a bakin gareji, ko sallama babu. Mai wayarin ya ɗauka ɓarawon batir ne, ya jawo sifana kusa.

"Baba, mun tashi."

"Ƙarasa, ɗana," in ji dattijon, muryarsa kamar ta mai kurkure baki. "Iyalina suna jirana."

Mai wayarin da hannunsa ya busar da tankin nan, ko ɗigon mai babu. Amma allurar tana hawa a hankali, ga ƙarnin kogi ya cika garejin. Ya dubi ƙasa. Ruwa ne ke tsiyaya daga wandon dattijon, har ya iso takalminsa.