Kafin a Cire Muryar Bai Kostadin

Ranar da Nevena ta shigo ɗan situdiyon Zlatin a garin Smolyan, ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Kai ne mai ɗaukar murya?"

"Ni ne. Ke ce mai waƙar?"

"Babana ne. Saura sati uku a cire masa maƙogwaro."

Zlatin ya san baban nata, Kostadin, wanda ake kira Bai Kostadin don girmamawa. Kowa a yankin ya san tsohon da ya shekara arba'in yana waƙa a bukukuwa, bai taɓa yarda an naɗe muryarsa ba. Yanzu ciwon daji ya kama shi.

Sati biyu suka yi suna lallashin tsohon, kuma a cikin sati biyun nan Zlatin ya rasa kansa a son Nevena. Kullum sai ta biyo da banitsa mai zafi, wato gasasshen fulawa mai cuku a ciki, ta zauna kan akwatin wayoyi tana yi masa tsiya.

"Wannan ɗan akwatin ne zai riƙe muryar Baba? Ai fasa shi zai yi."

"Neve, ni dai an riga an fasa ni."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ranar Alhamis tsohon ya zo. Zlatin ya ce masa ya yi magana a gwada, tsohon ya yi ta ƙasa-ƙasa. Sai Zlatin ya murɗa maɓallin da ke ƙara wa makirufo ƙarfi har 'yar fitilar na'urar ta yi kore. Da Bai Kostadin ya buɗe ƙirji ya saki waƙa, Nevena ta fashe da kuka, idon Zlatin ya koma kanta. Bai ga fitilar ta koma ja ba. Haka aka naɗi waƙa shida cur.

Da aka kunna, duk inda tsohon ya ɗaga murya sai ta tsage kamar ana yaga buhu.

"Gyara," in ji Bai Kostadin.

"Ba ta gyaruwa, Baba. Ƙarfin ya yi yawa tun daga shiga."

"Kada ka ƙara ce mini Baba! Na ga inda idonka yake. Mutumin da ba zai iya tsare fitila ɗaya ba, shi zai tsare mini 'ya? Plamen likitan haƙori ya fi shekara yana bin ta, shi aƙalla yana duban abin da yake yi."

Ya ja hannunta suka fita.

Kwana biyu ba ta ɗaga waya ba. Zlatin ya kasa cin abinci. Ya rubuta mata:

"Neve, na lalata abin da ba ni da ikon biya. Ki tsane ni in kin so, amma ki kawo shi sau ɗaya tak. Litinin ɗin da za a yi masa aiki ta kusa."

Sai Asabar da yamma amsa ta zo:

"Ban tsane ka ba, wawana, kukana ne ya hana ni magana. Ya rantse ba zai taka situdiyonka ba. Bai ce kada ka taka gidanmu ba. Gobe da safe."

Lahadi da hantsi ya isa da kayansa a goye. Tsohon na zaune a kicin, ko kallonsa bai yi ba. Zlatin ya durƙusa yana haɗa wayoyi.

"Bai Kostadin, ka yi mini wurin da ya fi ƙarfi a duk waƙoƙinka. Da shi zan auna."

"Da can ba ka san haka ba?"

"Na sani. Ban yi ba."

Tsohon ya dube shi, sannan ya saki wata murya da ta girgiza kofunan da ke kan kantar kicin. Zlatin ya yi ta rage maɓallin har jan ya ɓace, ya ƙara ragewa kaɗan don ya bar wa muryar sarari.

"Neve, don Allah ki tsaya a bayana."

Waƙa huɗu aka samu kafin maƙogwaron ya gaza. Aka kunna. Muryar ta fito garau, har da jan numfashinsa.

Zlatin ya miƙa hannu zai kashe, tsohon ya riƙe shi. Abin da ya rage masa sai raɗa.

"Wannan abin naka yana jin ƙaramar murya?"

"Yana ji, in na ƙara masa."

"Ƙara."

Ya murɗa a hankali har fitilar ta motsa. Tsohon ya matso bakinsa.

"Ranar aurenku ba zan iya magana ba, bari in yi yanzu. Zlatin, na ba ka Nevena. Allah ya ba ku lafiya da 'ya'ya masu surutu. Kada wani ya kwana da fushin wani."

Nevena ta faɗa jikin mahaifinta. Hawaye na zubo wa Zlatin, amma bai ɗaga ido daga kan fitilar ba sai da tsohon ya kai aya.

Aikin tiyatar ya yi kyau. A watan Satumba aka ɗaura auren a cocin unguwarsu. Wajen walima Bai Kostadin ya miƙe da farin ƙyalle a wuyansa, ya dafa kawunansu biyu, ya yi wa surukinsa alama da ido. Zlatin ya danna wayarsa, raɗar tsohon ta cika zauren. Mutum ɗari biyu suka amsa da amin.