Hoton Bakin Teku

"Ina hotunana, Declan?!"

Tahlia ta wurga wayar kan kujera, idanunta jajir. Ta bincike shafin saurayin nata na intanet kaf, babu fuskarta ko ɗaya. Amma ga Kerryn, abokiyar aikinta a asibiti, ta manne masa a wurin gashin naman ƙungiyar ƙwallonsu, sai washe haƙora take!

"Masoyiyata, zauna mana ki ji..."

"In ji me? Tunda likita ya ba ni hutun ciwon damuwa ka fara jin kunyata. Mai lafiya kake so, ko?"

"Kamfanin inshora nake tsoro. Suna leƙen shafukan masu karɓar kuɗin jinya. Su ga kina dariya, su ce lafiyarki ƙalau."

"Je ka gaya wa Kerryn!"

Wata uku ke nan da ta zube tana kuka a ɗakin taimakon gaggawa, kuma da kuɗin inshorar nan take riƙe ɗan gidanta a Wollongong. Ta san da haka sarai. Amma kishi ya riga ya toshe mata kunne.

Yana fita ta ɗora hotonsu na bakin teku a shafinta, ta rungume wuyansa tana ƙyalƙyala dariya. Wadda ba ta sani ba ta sani!

Kerryn ce ta fara yin magana a ƙasan hoton: "Kai, jiki ya yi kyau!"

Kwana huɗu sai ga wasiƙa daga kamfanin inshora. An dakatar da biyanta, ga kwafin hoton a maƙale. Kuma duk asibitin, Kerryn kaɗai ke iya ganin shafinta.

Ta zame ta zauna a ƙasan kicin. Wallahi ta tsani kanta.

Ba ta kira shi ba, shi ya zo.

"Ka zo ka ce ai ka faɗa min?"

"Na zo da wannan."

Takardar likitanta ce, wadda ya rubuta ta riƙa zuwa iyo a teku sau uku a mako, yana cikin maganinta. Ita ta manta da ita tuni. Shi kuwa tun ranar yake ajiye da ita a motarsa.

"Gobe mu kai musu. Dariyar nan likita ne ya rubuta ta."

Ta fashe da kuka a ƙirjinsa.

"Na ɗauka ka gaji da ni..."

Ya buɗe jakar kuɗinsa. Ga hoton nan dai, an wanke shi, har gefensa ya lanƙwashe.

"Daga shafi na cire ki, sarauniyata. Nan kuwa inshora ba sa leƙowa."

Ta share hawaye, ta daɗe tana kallon hoton.

"Na Kerryn fa?"

"Na goge."

Ta miƙa hannu.

"Kawo wayar in gani."