Hawan Dutse da Dangin Miji

Amarya na tsaye a kicin tana zuba shinkafa a ƙaramar kula, a hankali, kamar mai satar kayan gidansu. Shekara shida da aure, har yau Amarya ake ce mata, don a gidan da mutum goma sha ɗaya ke bin layin banɗaki ɗaya babu mai lokacin canja wa wani suna.

Mijinta, Mai Kalanda, a maɗaba'a yake aiki, shi ke yanke gefen kalanda. Duk wadda ta fito a karkace shi ake bar wa, ya kawo gida. Shi ya sa bangon ɗakinsu ya cika da duwatsun duniya: mai farar hular ƙanƙara, mai leƙen teku, da wanda ake hawa cikin akwati rataye a waya. A kowane hoto mutum biyu ne a kan ciyawa da kwandon abinci, babu na uku. Amarya ba dutsen take kallo ba, rashin na ukun take kallo.

Bangon nan kuwa katako ne, siririn da in Mai Kalanda ya yi atishawa a ɗaki, Gwaggonsa ce ke amsa masa daga tsakar gida. Ga shi Amarya na ɗauke da magana: jiya likita ta tabbatar mata tana da ciki, bayan shekara shida na jira da tambayoyin dangi. Ta ƙudura a ranta mijinta zai fara ji, kuma daga bakinta, ba daga bakin Gwaggo ba. Sai ta roƙe shi ya kai ta dutsen bayan gari, su biyu.

— Yallaɓai, don Allah yau kar ka yi wa kowa tayi.

— Haba, sai ka ce ba ni da hankali.

Hankali kam yana da shi. Ciwonsa ɗaya: bai iya wuce mutum da abinci a hannu ba tare da ya yi tayi ba. Danginsa kuma ba su iya ƙin tayi ba.

Suna fitowa, Gwaggo ta ɗago daga tabarma.

— Ina zuwa da kula?

— Dutse za mu ɗan hau, Gwaggo.

Amarya ta ga leɓensa na rawa, ta taka masa ƙafa, amma ina.

— Ko... za ki zo?

Kafin ya rufe baki mayafin Gwaggo na kanta. Kawu ya fito yana gyara hula, wai ai mata ba sa hawa dutse ba babba. Ƙanwarsa Auta ta leƙo da waya.

— Fiknik ne, Yaya? To wa zai yi muku selfi in ba ni ba?

Can sai ga Inna, mahaifiyarsa, da silifas a hannu.

Amarya ta koma kicin tana juye shinkafar cikin babbar kula, hawaye na ɗiga a murfin. Mai Kalanda ya biyo ta yana murza hannu.

— Ki yi haƙuri, bakina ne ya kuɓuce.

— Shekara shida yana kuɓucewa, ta ce a hankali. Awa ɗaya na roƙa. Ko wurin yin kuka ba ni da shi a gidan nan.

— Amarya, albasa ce? in ji Gwaggo daga waje.

— Albasa ce, Gwaggo.

Haka aka cika motar maɗaba'a da ya aro. A gindin dutse Gwaggo ta ga bishiya mai inuwa, ta zauna, ta ce a bar mata kular ta yi gadi. Kawu ya kama labarin yadda ya hau dutsen nan yana saurayi da keken ɗinki a ka, labarin ya cinye masa numfashi, ya zauna shi ma. Auta ta samu netwok a kan wani falalen dutse, ta manne.

Saura Inna. Shekara saba'in, amma tana hawa kamar akuya, su ne ma ke bin ta. Amarya ta duba sama, ta duba bayan surukarta, ta saduda. Wa zai ce wa uwar miji ta koma?

Saura kaɗan a kai saman dutsen, Inna ta zauna daɓas.

— Gwiwata.

— Subhanallahi, Inna, mu koma, in goya ki, in ji Mai Kalanda.

— Gwiwar tawa ce ko taka? Ku ƙarasa. Ka riƙe mata hannu, kar ka bari ta yi sauri.

A saman babu ciyawa, babu ƙanƙara. Ƙarfen sabis ne, da ledoji, da wani bunsuru mai kallon raini. Kula na wurin Gwaggo tana shan gadi. Amma ga gari can ƙasa, rufin gidansu kamar akwatin ashana, ga iska, kuma babu na uku in ka cire bunsurun.

Ta faɗa masa. Ya zauna a ƙasa, ya miƙe, ya sake zama, idonsa ya cika. Sai ya juya ya cika ƙirji zai ƙwala wa Inna kira. Amarya ta cafke rigarsa.

— Minti goma. Ka bar mana shi minti goma, sannan ya zama na dangi.

Karon farko a rayuwarsa, Mai Kalanda ya riƙe abu mai daɗi bai yi wa kowa tayi ba.

Da suka sauko ya durƙusa ya faɗa wa Inna. Ita da ta yi sati biyu tana ganin Amarya na gudun ƙamshin suya, ta zaro ido ta dafe ƙirji.

— Ashe? Kai ka fara ji?

— Ni na fara ji, Inna.

— Madalla.

Ta miƙe ta gangara gabansu, gwiwa ta warke sarai.

To, 'yan mata, wadda ta yi haƙuri da gidan yawa, wata rana za a ba ta saman dutse, ko da bunsuru. Ku kuma samari, dangi abin riƙo ne, amma akwai abin da na mutum biyu ne, ba a tayinsa.