Takalmin da Omoni Ta Aiko

Ranar Asabar ce, ruwa ya janye tun hantsi, titin da ya ratsa teku zuwa tsibirin Jebu na ƙasar Koriya ya fito fili yana ƙyalli. Motoci sun jeru, yara na cilla wa tsuntsayen teku biskit ta taga. Yerim kuwa a keke ta zo, ita kaɗai, don ta gaji da makin jarrabawar ɗalibanta, ta kuma gaji da ƙawayen da ba sa taku biyu sai sun tsaya ɗaukar hoto.

Ta sha iska a bakin rairayi har la'asar. Tana komawa, a tsakiyar titin, sarƙar kekenta ta zame. Ta tsuguna tana kokawa da ita sai ta ji usur.

"Malama, ruwa na tafe! Kawo in gyara miki."

Ba ta ko ɗago ba. "Na ce maka ban iya ba ne?"

Saurayin ya sauko daga nasa keken ya naɗe hannu yana kallonta. Dongha ke nan, mai ba da hayar kekuna a tsibirin, shi ne kuma ke kora masu yawon shaƙatawa idan teku za ta rufe hanya. Sai da ta mayar da sarƙar da kanta, yatsunta baƙi ƙirin, sannan ya yi dariya.

"Ban taɓa ganin kaguwa a kan keke ba sai yau. Ana miƙo miki hannu kina neman datse shi."

Ta harare shi ta hau. Ya bi bayanta, ruwa na lasar gefen titi, har suka fita tudu. Da ta waiwaya, hanyar ta ɓace, sai teku shimfiɗe.

"To kai yanzu ta ina za ka koma?"

"Sai ruwa ya sake janyewa. Ki saya mini kofi, ke kika jawo mini."

Ta saya. Ba ta san za ta zauna har kofin ya huce sau biyu ba.

Daga nan Asabar ta zama tasu. Ya koya mata tuƙa ƙaramin kwalekwale, ta kife da shi da gangan. Suka gasa koɗin teku a kan gawayi, suka zaga tsibirin a keke har ƙafafunsu suka yi tsami. Ranakun aiki kuwa waya ce ke ɗaukar nauyin, yana ce mata Kaguwa, tana ce masa Oppa, yadda 'yan matan ƙasar ke kiran masoyi.

"Kaguwata, gobe hanya a buɗe take tun safe. Idan ba ki zo ba zan ce wa teku ta daina wahalar da kanta."

"Oppa, ka bar teku ta yi aikinta, kai ma ka yi naka. Zan zo. Kar ka sa rigar nan mai ruwan lemo."

Matsalar tana can ƙarshen titi, a shagon taliya na mahaifiyarsa, Madam Pyo. Ranar da ya kai Yerim gaisuwa, ta sunkuya har ƙasa ta ce, "Omoni, ina yini," wato ta kira ta uwa. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta ajiye mata kwano kamar kowace baƙuwa, ta juya ga Bora, 'yar maƙwabta mai taya ta aiki, wadda take fatan Dongha ya aura.

"Bora, 'yata, zauna ki huta. Ke kam ba sai an nuna miki inda cokali yake ba."

Yerim ta cinye taliyarta tas, ta yi godiya. A hanya Dongha ya gaya mata dalili. Yayansa ma 'yar birni ya aura, wadda ta zo yawon rairayi. Sanyin hunturu ɗaya ta gani ta kwashe kayanta da jaririnta ta koma Seoul, shi ma yayan ya bi ta, ba su ƙara leƙowa ba. Tun daga nan tsohuwar take cewa duk wadda ta shigo ta titin nan don shan iska, ta titin take komawa.

"Ni ba ita ba ce," in ji Yerim.

Ta ci gaba da zuwa. Bazara ta wuce, masu yawo suka ragu, iska ta fara yanka fuska a kan titin, ba ta fasa ba. Kullum ta gaida Omoni, kullum a amsa mata da ka. Ta kawo maganin ciwon gwiwa, ta ga an ba Bora ta kai wa babanta. Ta haɗiye, ba ta yi kuka a gaban kowa ba.

Sai wata Laraba saƙo ya shigo tana aji.

"Kaguwata, albishirinki! Umma ta ba ni abu in aiko miki, da kanta ta je kasuwa ta zaɓo. Na ce miki za ta sauko."

Da ta buɗe kwalin a gida, dogon takalmin roba ne na shiga laka, sabo fil. Mahaifiyarta da ke tsaye a kanta ta dafe ƙirji.

"Takalmi? Kyauta? Yerim, ai korarki aka yi. Wa bai san wanda aka ba takalmi tafiya ake so ya yi ba? Kuma yaron da hannunsa ya aiko! Ke da digirinki, a ce an sallame ki da roba?"

Yerim ta rufe kwalin. Abin da ya fi ƙona mata rai ba tsohuwar ba ce, Dongha ne. Ko dai ya san ma'anar ya ɓoye a bayan uwarsa, ko kuwa ya gaji ya zaɓi Bora. Ta kife wayar. Ya kira, ya sake kira, ta ƙi ɗagawa.

"Me na yi? Bai yi miki daidai ba ne? Sai a canza."

"Kaguwa, ki yi mini magana ko zagi ne."

Wannan saƙon na "sai a canza" shi ta yi ta karantawa. Mutumin da ya shirya rabuwa ba ya tambayar lambar ƙafa. Ta yi dariya ita kaɗai, dariyar takaici, sannan ta jawo takalmin ta gwada. Ya zauna mata cif.

Asabar da safe ta bar keke a gida. Ta taka titin da ƙafa daga farkonsa har ƙarshe, takalmin na ƙara, motoci na wuce ta ana leƙenta. Ba ta nufi wurin kekuna ba. Ta gangara cikin laka, inda Madam Pyo da Bora da wasu mata suke duƙe suna tonon koɗi. Dongha ya hango ta ya sheƙo da gudu.

"Yerim! Kwana nawa ina..."

"Tsaya nan, Oppa. Kai naka laifin wauta ce, za mu yi maganarsa daga baya."

Ta isa gaban tsohuwar ta sunkuya. Matan duk suka miƙe.

"Omoni, na ga saƙo, na kuma gane shi." Ta ciro kwabo guda daga aljihu, ta miƙa da hannu biyu. "Amma ni ba na karɓar takalmi kyauta. Na saya. Wanda ya sayi takalminsa, shi ke zaɓar inda zai taka da shi."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya. "Kai, Pyo, kin gamu da daidai ke!"

Dongha ya buɗe baki yana duban uwarsa. "Umma! Ashe abin da kika sa ni yi ke nan?"

"Rufe mini baki, sakarai." Madam Pyo ba ta karɓi kwabon ba tukuna. Ta share hannu a zaninta. "Ke, yarinya. Lokacin sanyi titin nan rufewa yake yi da duhun safiya, babu kanti, babu kowa sai iska. Za ki bar makarantar taki ki zauna?"

"Ba zan bari ba. Ba kuma zan yi miki ƙaryar zan riƙa tonon koɗi kamar Bora ba, ban iya ba. Zan fita aiki idan hanya ta buɗe, in dawo idan ta buɗe. Ranar da ruwa ya tare ni, zan jira shi. Amma nan zan dawo, Omoni, ko kin amsa gaisuwata ko ba ki amsa ba."

Bora ta jefa koɗi a bokiti, ta kira Madam Pyo yadda ake kiran dattijuwa, ta ce, "Ajumma, ki karɓa mana. Ni fa ina da nawa saurayin a birnin Incheon, tsoronki ya hana ni faɗa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon hannuwan da ke miƙe, sanyi ya sa sun yi ja. Ta karɓi kwabon ta soke a ɗamararta.

"Da tsada na saye shi, kin cuce ni. Ɗauki bokitin can, kar ki tsaya mini kamar turke, 'yar nan."

Da furanni suka fito aka ɗaura auren, aka zaɓi ranar da teku ke daɗewa a janye don baƙi su samu wucewa. Bayan an gama, ango da amarya suka durƙusa gaban Madam Pyo cikin kayan gargajiya, suka riƙe mayafi a tsakaninsu don ta watsa musu busasshiyar magarya, kowace ɗaya alamar ɗa guda da za su haifa. Ta ɗebo da hannu biyu, ta ƙara, ta sake ƙarawa.

"Omoni, ya isa haka!" in ji Yerim. "Aji guda kike so in haifa?"

"Ke ba malama ba ce? Riƙe da kyau." Ta watsa, hawaye na bin kuncinta. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya cika mini gidan nan da hayaniya. Ku tsufa tare a gabana."

Dongha ya matse yatsun matarsa ta ƙarƙashin mayafin. Ita kuwa ta ɗaga kai ta amsa da amin da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma sai da suka ji.