Gadon Kaka Buaphan

A garin Lampang akwai wata yarinya mai son tsara kaya. Ko a gida ba ta barin kujera ta kwana inda ta wuni.

Wata Asabar, Malama Wilai ta kai 'yan ajinsu gidan kula da tsofaffi, don su taya shirya ɗakunan da aka yi wa sabon fenti. Ta ce kowa ya fara tambayar mai ɗaki abin da yake so.

Yarinyar ta samu ɗakin Kaka Buaphan. Tsohuwar tana waje tana shan hantsi. Yarinyar ta ga tambaya ɓata lokaci ne. Ita da ƙawarta suka juya gadon, kansa ya koma jikin taga, kusa da bishiyar mangwaro.

Washegari ta kawo mahaifiyarta ta ga aikinta. Suka tarar da gadon a gyare, ba a taɓa shi ba. Kaka na zaune a tabarma tana murza bayanta. A ƙasa ta kwana.

"Kaka, gadon bai yi miki ba ne?" in ji yarinyar.

"Ya yi kyau, jikata. Sai dai kin juya mini kai yamma. A al'adarmu gawa ake kwantarwa haka. Ni kuwa ban gama cin rabona na shinkafa ba."

Mahaifiyar ta tambayi Kaka me ya hana ta faɗa wa ma'aikata. Kaka ta ce ba ta so a yi wa yarinya faɗa ne.

Kunya ta kama yarinyar. Ta durƙusa, ta haɗa tafukan hannunta, ta ba da haƙuri. Sannan ta ce, "Kaka, ina kike so a ajiye komai?"

Kaka ta gyara zama ta fara lissafa mata. Kan gado ya koma gabas. A sauke kantar ajiye kaya ƙasa, hannunta ba ya kaiwa. Hoton marigayi mijinta kuwa ya fuskanci taga.

"Shi ne kwaɗayayyen mangwaro, ba ni ba," in ji ta.

Da suka gama, Kaka ta hau gadon ta miƙe. Ba a jima ba barci ya ɗauke ta.

Daga ranar, yarinyar ba ta sake taɓa kayan kowa ba sai ta tambaya. Ta gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.