Sallamar da Baffa Dayyabu Ya Haɗiye a Ƙurɗuba

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, don ba zan ɗaga murya ba. Labarin Baffa Dayyabu ne, ƙanen iyayenmu, wanda kuke yi wa dariya saboda ko yaron goye ne ya yi masa sallama sai ya amsa da ƙarfi. Ba haka yake a da ba. Wuya ya sha.

Shekarun baya, jami'ar da yake koyarwa ta tura shi taro ƙasar Sifen. Da aka tashi, ya saci kwana biyu, ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai zuwa Ƙurɗuba, tsohon birnin Andalus ɗin nan da malamai ke ambata a karatu. Gari ne mai matsattsun lunguna da fararen bangaye, ga itatuwan lemo a tsakar gidaje. Tun a tasha ya cire hularsa ya cusa a jaka. Ba wanda ya ce ya cire. Ya dai duba bai ga mai hula ba, kuma kun san Baffa da son a ce ya waye.

Washegari da safe ya bi ayarin Turawa masu yawon buɗe ido. A cikinsu akwai wani dattijo da matarsa da suka ja shi da hira. Suka yaba Turancinsa, suka gayyace shi cin abincin rana gobe a babban dandalin garin. Matar har ta dafa hannunsa, ta ce shi kam bai yi kama da sauran mutanensa masu tsorata jama'a ba. Maimakon ransa ya ɓaci, daɗi ya ji. Har da dariya. Dariyar nan tana ci masa rai har gobe.

Wajen azahar suka bi wani lungu da ya ƙare a ɗan fili mai tsohuwar rijiya. A bakin rijiyar wani tsoho na zaune, cikin koɗaɗɗiyar jallabiya da ta sha faci. Turawan suka ratsa ta gabansa, ba wanda ya dube shi. Da Dayyabu ya zo daidai shi, tsohon ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

"Assalamu alaikum."

Dayyabu ya ji. Sarai ya ji. Amsar ta taso masa har maƙogwaro. Ya saci kallon matar da ke gefensa, sai ya haɗiye ta. Ya ɗaga waya ya hau ɗaukar hoton tukwanen fure, shi a dole bai ji ba.

Sai da suka fita daga lungun abin ya faɗo masa. Bakin tsohon ya motsa, amma muryar daga cikin rijiyar ta fito.

Da la'asar ya koma masauki ya kira kakarmu, Iya Delu. Ƙananan cikinku ba su riske ta ba. A lokacin idonta ya riga ya tafi, da murya take gane mutane, kuma tana da doka ɗaya da ba ta karyawa: wanda bai yi sallama ba, ba ta magana da shi, a ƙofa ne ko a waya. Takan ce masu shigowa ba sallama ta san su, kuma ba mutane ba ne.

Ta ɗauka. Ya yi sallama.

"Wane ne?"

Ya sake yi.

"Wa ke min numfashi a kunne?"

"Iya, ni ne, Dayyabu."

"Muryar dai tasa ce. Amma Dayyabuna bai taɓa faɗo min ba sallama ba. Ko kai wane ne, kama gabanka."

Ta kashe.

Sau uku yana kira, sau uku tana kashewa. Ya kunna wajen naɗar murya a wayarsa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya saurara. Sunan ya fito tar. Inda sallamar take kuwa shiru ne, sai ɗan sautin ɗigar ruwa can ƙasa. Ya zauna a bakin gado. Ba tsoro ne ya fi damunsa ba. Kunya ce, don ya san abin da ya yi, kuma ya san saboda wa ya yi shi.

Jirginsa ƙarfe huɗu na washegari zai tashi. In ya bar garin a haka, zai je ya tsaya a ƙofar uwarsa ta kore shi.

Mutanen garin suna da wata al'ada. In rana ta take, sai su rufe kantuna su shige gida su kwanta, lungunan su koma wayam. Ku ma kun san rana tsaka ta su waye ce. Washegari a daidai lokacin Dayyabu ya fita neman rijiyar. Ya ɓata, ya dawo, ya sake ɓata. Ba kare, ba tsuntsu. Sai ƙarar takalminsa, ita ma kamar tana makara kaɗan.

Daga ƙarshe ya gano wurin. Tsohon na alwala a bakin rijiyar. Yana zuba ruwa a ƙafa, amma ƙasar a bushe take ƙamas. Dayyabu ya dubi ƙafar sau ɗaya bai ƙara ba. Dunduniya ce a gaba.

Ya durƙusa. "Wa alaikumus salam, Baba."

"Ta jiya ce?"

"Ta jiya ce. Ka yafe min."

Tsohon ya ajiye butar. "Na daɗe a nan, ɗana. Da can da ƙarfi ake amsa min. Aka koma amsawa da ido. Daga baya aka daina. Jiya da na hango ka, na ce yau kam na samu ɗan gida."

Babu faɗa a muryar, ko kaɗan. Baffa ya ce da marinsa ya yi da ya fi sauƙi.

"A gaban mutane na ba ka," in ji tsohon. "A gaban mutane za ka mayar."

Dayyabu ya ja ƙafa zuwa dandalin. Can ne kaɗai ke da jama'a, suna cin abinci a ƙarƙashin rumfuna. Dattijon nan da matarsa suka ɗago masa hannu, har sun ajiye masa kujera. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiyar tebura, babban malamin jami'a. Ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah!"

Cokula suka tsaya. Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Matar ta jawo jakarta ta ɗora a cinya, ta kau da kai. Daga ramin magudanar ruwa da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya ji an sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya juya ya nufi tasha, bai waiwaya ba.

A cikin jirgi ya kira Iya. Ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Yauwa, yanzu na ji ɗana. Jiya wani abu ya ari muryarka."

Da ya bar ta a haka, da shi ke nan. Amma bakinsa ya ƙi. Ya zayyana mata komai, har dariyar bai ɓoye ba. Iya ta saurara ba ta katse shi ba.

"Dayyabu."

"Na'am, Iya."

"Da ni ce zaune a bakin rijiyar nan, da tsohon zanena, ka zo wucewa da Turawanka, za ka amsa?"

Ya buɗe baki zai ce i, ya kasa. Ba wani aljani da ya riƙe shi a wannan karon. Bai san amsar ba ne kawai. Iya ta rayu shekara shida bayan nan, ba ta sake tambayarsa ba, shi ma bai taɓa amsawa ba.

To, ku tashi ku kwanta. In Allah ya kai ɗayanku garin nan, kada ya bi lungun rijiya shi kaɗai da rana tsaka. In kuma aka yi muku sallama, ku amsa tun kafin ku duba wa ke gefenku.